Na kira masu furanni su shirya mini shukoki saboda hunturu

Bana hunturu ya yi sammako. Nuwamba ba ta yi nisa ba hazo ya sauka, leɓe ya fara tsagewa, shukokin tsakar gidana a Tarauni suka yi furu-furu da ƙura. Sai na je wajen masu furannin nan da ke jera tukwane a bakin titi a Nassarawa, na yi ciniki da wani dattijo ya zo da yaransa su kimtsa mini su.

Abin da ya fara burge ni shi ne ƙin taɓa almakashi da ya yi. Na nuna masa bogambiliya, shukar furen nan mai ƙaya, da ta haye katanga ta leƙa gidan maƙwabta, na ce a rage ta sosai. Ya ce, "Hajiya, in na aske ta yanzu, furen bana ya tafi. Ita da rani take ado." Haka ne kuwa, wannan shuka sai ƙasa ta bushe take cika da fure, yawan ruwa ganye kawai yake sa ta. Busassun rassa ya cire, da wanda ya tsallaka katanga, ya ce babban aski sai gab da damina. Mai neman kuɗin aiki da ya datse komai ya ce ya yi aiki.

Wurin da ya daɗe shi ne gindin shukokin. Ya sa yaran suka sassauta ƙasa a hankali, suka yi wa kowace kwari, suka zuba takin shanu wanda ya riga ya ruɓe, sannan suka lulluɓe da ɓawon gyaɗa. Kashin kajin da na tara ya ce a bari ya sha iska tukuna, ɗanye ƙona saiwa yake yi. Ya kuma hana ɓawon ya taɓa jikin itacen, ya bar tazarar kamar yatsu huɗu, ya barbaɗa toka, saboda gara. Duk wanda ke zaune a Kano ya san gara ba ta jiran gayyata. Ƙanena da ke Kanada ya ce su ma haka suke rufe gindin shuka in dusar ƙanƙara ta zo da wuri, har su naɗe ta da buhu. Su sanyi suke gudu, mu bushewa: iskar nan da ke taso mana daga arewa maso gabas, ta Sahara, tsotse danshin ganye take yi fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa.

Maganar ban ruwa ma ya gyara mini lissafi. Yayyafin kullum bai kai ƙasa, a cewarsa, gara a shayar da su su ƙoshi da safe a bar su kwana biyu ko uku, a riƙa watsa wa ganye ruwa don ƙura ta sauka. Ga mai sayen ruwa wajen 'yan garuwa, wannan sauƙi ne. Shukokin ado irin su iksora da kuroton da ke tukwane ya jawo su bayan ɗaki inda iska ba ta bugu. Lalle da zogale ko kallonsu bai yi ba, ya ce waɗannan 'yan gida ne.

Amma ba duka ne daidai ba. Mun yi da shi ƙarfe takwas, sai bayan azahar suka iso, waya kuma ba a ɗauka. Yaran sun tara rassan da aka yanke a bakin ƙofa suka tafi, sai almajirinmu ne ya kwashe, ga ƙayar bogambiliya. Sabbin shukoki biyu da ya kawo a leda, ƙasar cikinsu yashi ce zalla, ɗaya ta yi laushi tun ba a kwana biyu ba. Da na koma ya canza mini ba gardama, wannan kam na yaba.

Kuɗinsa ya fi na masu yawo gida-gida da almakashi, kuma takin daban ake biya, don haka a tambaya tun a wajen ciniki. Ni dai zan sake kiransa a watan Mayu don babban askin, sai dai zan sa sharaɗin kwashe shara a cikin kuɗin, kuma ba zan ba da kafin alƙalami ba sai na ga ƙafarsa a gidan.