Ajin rawar ƙugu na mata a Yantala: ta Masar ko gauraye?

Ajin na mata ne zalla, a wani gida a Yantala, Yamai, awa ɗaya da rabi. Rabin farko malama na koyar da raƙs sharƙi, wato rawar ƙugu ta Masar, a kan kiɗan maƙsum: dum tak, tak dum tak. Nan ta fi ƙarfi. Tana sa a ɗan lanƙwasa gwiwa, ƙafafu daidai faɗin ƙugu, girgizar ta fito daga gwiwoyi suna musaya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta sandare gwiwa ko ta gantsare baya, ciwon baya take kwasa, kuma malama na gyara wannan tun ranar farko.

Rabi na biyu ne ake gardama a kai. Gauraye ne irin wanda ya taso a Amurka, inda aka haɗa rawar ƙugu da falamenko da rawar Indiya. Malama kuma ta ƙara lanƙwasar hannu da kafaɗa ta takamba, rawar gargajiya ta Songhai da Abzinawa. Yana da kyau a ido, amma takamba a natse take, maƙsum na da sauri. Sabuwar ɗaliba sai ta bi hannu ta saki ganga. Masu cewa kada a kira wannan raƙs sharƙi suna da gaskiya; ya kamata a ba shi sunansa da ajinsa daban, bayan an ƙware a tushe.

Tayil ɗin ɗakin na da santsi, a cire safa. Ki zo da gyalen ɗaura ƙugu naki.