Yadda ake ɗumama ɗaki ta ƙasa a Ingila, da abin da zai amfane mu a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa magina na Ringim, Taura da kewaye. Kun tambayi yadda ake daɓen ɗaki a nan Ingila, har mutum ya taka tayil da sanyin Janairu ya ji ɗumi. Dabarar ba baƙuwa ba ce. Tsariyar gadon ƙasa ce ta kakanninmu, sai dai su ruwan ɗumi suke zagayawa da shi a bututu maimakon garwashi.

Bututun ba shi ne wahalar ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Kankare na shan zafi, in ba a tare shi ba sai ya miƙa wa ƙasa, mai gida yana ta biyan kuɗin gas a banza. Don haka bayan an danne ciko an baza yashi, sai a shimfiɗa leda mai kauri don tare danshin ƙasa, milimita 0.3, a ɗora bakin wata kan wata da inci 6 a liƙe, a kuma ɗaga gefenta jikin bango. Sai kankare inci 4 zuwa 6. A kansa ake jera allunan soso mai tauri, irin na cikin bangon firji, kaurin inci 4 ko fiye. Ana haɗa su ƙam, a liƙe mahaɗa, domin ruwan siminti in ya kutsa tsakaninsu ya bushe, ya zama hanyar da zafi zai bi ya sulale.

Akwai wani siririn soso na milimita 8 zuwa 10 da ake zagaye gindin bango da shi. Masu ganganci kan tsallake shi, su ne kuma tayil ɗinsu ke tsagewa: daɓe in ya ɗau zafi buɗewa yake, in bai sami wurin motsi ba sai ya tokari bango. Falon da ya wuce murabba'in mita 40, ko tsawon mita 8, shi ma sai an raba daɓensa, a bar masa wurin motsi.

Bututun roba ne, milimita 16, ana maƙale shi jikin soson da tazarar inci 4 zuwa 8, kuma layi ɗaya ba ya wuce kamar mita 100, in ba haka ba ruwan ya huce kafin ya dawo. Ba a yi masa mahaɗa a cikin ƙasa. Kafin zubi a cika shi da ruwa a matse, agogon matsi na manne, lebura ya huda shi da shebur nan take allura za ta faɗi. Sannan a zuba daɓe a kan bututun, yashi 4 siminti 1, kaurin inci 3. Sai haƙuri: kwana 21 ba a kunna komai, daga nan a fara da digiri 25 a riƙa ƙarawa. Ruwan da ke zagayawa a bututun bai cika wuce digiri 45 ba.

Abin da ya fi burge ni ba kayan ba ne. Kowane ƙunshin allunan soso da kaurinsa da ƙarfinsa rubuce a jiki, kuma mai duba gini yakan zo ya ga ledar da idonsa kafin a rufe. Mu kuwa jaman fulo, wato kankaren ƙasan ɗaki, sau da yawa kan jar ƙasa ake zuba shi kai tsaye, damina biyu sai gindin bango ya jiƙe, filasta ta yi fari-fari, fenti na ɓarewa, musamman gidajen da ke kusa da fadamar kogin Haɗeja.

A ganina kada kowa ya kashe kuɗinsa kan bututu. Hunturunmu wata biyu zuwa uku ne, bargo ya wadatar (gawayi dai kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa). Soson ƙasa ma cutarmu zai yi, don sanyin daɓe shi muke nema a Afrilu, ga gara tana ratsa shi ta yi hanya. Mai halin sayen soso ya sa shi tsakanin kwano da silin, nan zafinmu ke shigowa. Ledar ce dole. A sayi mai kauri, a share tsakuwa mai tsini kafin a shimfiɗa, kuma kada a bar baro ya bi ta kanta sai an ɗora katako.