Sharhi: Na sa wa Golf 4 ɗina sifirin mai sauke mota ƙasa

A garejin Kano, idan ka ji ana maganar tsayin mota daga ƙasa, to maganar ɗagawa ake yi. Motocin da ake shigo mana da su daga Turai an gina su ne don titi mai santsi, shi ya sa da yawa daga masu sayen 'yar Kwatano ba sa daɗewa sai sun kai ta an cusa mata roba ko ƙarfe a saman sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, don ta ɗan tashi. Direbobin Golf na haya kuwa, masu lodin fasinja da buhuna zuwa ƙauyuka, sifirin ɗin baya mai kauri suke nema, ko na wace mota ne. Ni akasin haka na yi. Na sayi sifirin huɗu da aka ƙera musamman don sauke mota, na sa wa Golf 4 ɗina mai injin fetur 1.6, na kuma yi rani da damina da ita a haka.

Irin wannan sifirin ya fi na asali gajarta, ya kuma fi shi tauri. Idan ka ajiye su gefe da gefe za ka ga naɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Na asali zobensa kusan tazara ɗaya suke da ita, shi kuwa wannan wasu zoben sun matse juna a gefe guda, sauran sun buɗe. An yi haka ne don ya ɗan yi laushi a ƙananan gargada, ya taurare idan nauyi ya danne shi, kuma kada ya yi sako-sako a mazauninsa idan taya ta rataye. Sunayen da matasa masu son mota suka fi ambata su ne Eibach da H&R na Jamus, sai Tein na Japan. Nawa na wani kamfanin Turai ne, na hannu, wani mai kayan gyara a Ƙofar Ruwa ya sa aka aiko min da shi daga kasuwar Ladipo ta Legas. Alƙawarinsa shi ne sauke mota kimanin milimita 30 gaba da baya, wato santimita 3.

Kafin a biya kuɗi, a duba lambar da aka buga a jikin zoben. Sifirin na kirki yana da ita, kuma da ita ake gane motar da aka yi shi dominta. Ba duk Golf 4 ba ne nauyinsu ɗaya. Injin gas na 1.9 TDI ya fi na 1.6 nauyi sosai, saboda haka idan ka sa sifirin ɗin gaban TDI a mota irin tawa gaban ba zai sauka yadda ya kamata ba, ta zama hanci sama gindi ƙasa. Na bayan mai dogon but ma daban yake da na gajeriyar. Mai shago zai ce maka "duk Golf ne, Alhaji", kai dai ka buga lambar a intanet ka gani da idonka.

Da na sauke kwalin a gaban makanikina, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wai da gaske ƙasa kake so ta yi? Kowa ɗagawa yake kawo min." Na ce masa, "Oga, kai dai ɗaura, in ba ta yi ba mu mayar." Ya girgiza kai ya kira yaronsa ya kawo jak.

Bayan motar bai ba shi wahala ba. A Golf 4 mai jan gaba, sifirin ɗin baya daban yake da shokozoba, kowanne da mazauninsa a kan ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu. Ana kwance notin ƙasan shoka na kowane gefe, ƙarfen ya sauko, a zare tsohon da hannu a zura sabon. Gaba ne aikin yake. A can sifirin ɗin naɗe yake a jikin shoka, a matse ƙarƙashin wani faranti, sai an ciro ƙafar gaba ɗaya an damƙe zoben da na'urar matse sifirin kafin a taɓa notin sama. Na sha ganin masu gyara a bakin titi suna ɗaure zoben da waya, ko su sa yaro ya taka da ƙafa a kwance notin. Ƙarfen da ke ɗauke da nauyin inji ne fa. Idan ya kufce, haƙori da ido ba su isa su tare shi ba. Garejin da ba shi da wannan na'ura, a canza gareji.

Tunda an riga an buɗe, na sa an canza robar saman shoka da boris ɗinta, da ƙaramar robar nan mai kama da soso da ke hana shoka bugun ƙarshe, da rigar da ke kare sandar daga ƙura. Kuɗinsu ba yawa, kuma cire ƙafar gaba sau biyu biyan aiki sau biyu ne. Wani abu da makanikin ya yi wanda ya burge ni: ya sassauta notin bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannuwan ƙasa masu riƙe tayoyin gaba, bai ƙara ɗaure su tamau ba sai da ya sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta. Idan aka bar su a ɗaure yadda suke a tsohon tsayi, robar za ta zauna a murɗe kullum, ta tsage da wuri.

A ido kam, ba a cewa komai. Ratar da ke tsakanin taya da jikin mota, wadda a da yatsuna huɗu ke shiga a sake, yanzu biyu ne da ƙyar. Motar da aka daina ƙera irinta a Turai tun wajen 2003 sai ta koma kamar wadda aka zana jiya. Masu wankin mota ma sun lura.

A kan kwalta mai kyau kuma ta biya ni. A shataletale, jikin motar ya daina kwantawa gefe yadda ya saba, na zaune kusa da ni ba ya laluben abin riƙewa. Idan na taka birki da ƙarfi, hancin ba ya dungurawa ƙasa sosai. Sitiyari yana amsawa nan take, ka ɗan murɗa ta bi. A hanyar Zariya, idan tirela ta wuce ta bugo iska, motar tana tsayawa a layinta ba tare da wannan lilon da na saba gyarawa da hannu ba. Masu tallar kayan suna danganta duk wannan da cewa nauyin mota ya matso kusa da ƙasa. Gaskiya ne yana taimakawa, amma a jina taurin ƙarfen ne ya yi mafi yawan aikin, domin santimita 3 ba su isa su canza hali haka su kaɗai ba.

Matsalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare, kuma a garin nan kwalta ba ta kai ƙofar gidan yawancinmu. Tudun rage gudu na manyan tituna, masu faɗi, ina haye su lafiya in na rage. Na cikin unguwa ne bala'i, waɗanda jama'a ke zubawa da kansu da kankare bayan an buge yaro, babu awo babu komai, wani siriri ne mai tsini kamar kunyar dankali. Irin waɗannan sai na karkata motar na hau da taya ɗaya-ɗaya, masu A Daidaita Sahu na bayana suna ta danna ham. Hawan da ke kan kwata a ƙofar gidana sai da na sa birkila ya ƙara masa tsawo, don leɓen bamba yana gogar ƙasa duk shiga da fita.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji. A wannan injin na aluminiyam ne, kuma yana cikin abubuwan da suka fi kusa da ƙasa a motar tun kafin a sauke ta. Na ƙarfe idan ya daki dutse lotsawa yake yi, na aluminiyam kuwa tsagewa yake yi, mai ya tsiyaye kana tafiya, in ba ka lura da jar fitilar gargaɗin mai ba inji ya buga. Da damina titunan ƙasa na unguwarmu suna yin ramuka biyu inda tayoyin tifa suka bi, tsakiya ta yi tudu, ruwa ya rufe duwatsun da aka zuba don cikewa. Wata rana na ji ƙarar gogar da ta sa na tsaya na leƙa da fitilar waya. Ya kankare gefen kwanon, bai dai huda ba. Washegari na kai ta wajen mai walda ya yanka farantin ƙarfe ya ɗaure a ƙasan injin, ya bar ƙofa daidai notin juye mai. Ya ba ni kwanciyar hankali, amma shi ma farantin ya ci wani abu daga ɗan tsayin da ya rage.

Lodi kuma wani zance ne. Ni kaɗai ko da mutum ɗaya, lafiya lau. Manya uku a baya da buhun shinkafa a but, sai bayan ya zauna a kan robar ƙarshe, kowane rami ka ji shi a ƙashin baya, salansa tana gaisawa da kowane tudu. Na ɗauki mahaifiyata zuwa biki, da muka isa sai da ƙanwata ta kama hannunta kafin ta iya miƙewa daga kujera. Ta ce, "Kai wannan mota taka a ƙasa ake zama ne?" Na ce, "Hajiya, gyara aka yi mata." Ta ce to Allah ya sa a gyara gyaran.

Sai shoka. Wannan ne mai sayarwa ba ya faɗa maka, kuma a nan ne tsugune ba ta ƙare ba. Shoka na asali an auna shi ne da dogon sifirin mai laushi. Idan ka sauke mota, sandarsa tana zama a nutse fiye da inda aka tsara mata, tafiyar da ta rage mata kafin ta buga ƙarshe ta ragu, ga kuma ƙarfe mai tauri yana mayar da ita sama da ƙarfin da ba ta saba riƙewa ba. Nawa dama sun kwana biyu, ba su jima ba na baya suka fara zubar da mai, motar ta riƙa tsalle sau biyu sau uku bayan kowane tudu. Akwai shoka gajeru da aka yi don motar da aka sauke, irin Bilstein B8, amma kuɗinsu ya fi na sifirin ɗin kansa. Ni sababbi masu iskar gas na tsayin asali na saka, kuma a milimita 30 sun riƙe ta da kyau. Wanda zai sauka 40 ko 50, gajerun ne kawai mafita.

Saitin taya dole ne, kuma ba ranar da aka ɗaura ba. A bari motar ta ɗan yi yawo sifirin ya zauna tukuna. Saukewa tana canza yadda tayoyin gaba ke fuskantar juna, kuma wannan ne ke cinye cikin taya har waya ta fito alhali wajenta sabo fil. Saman tayar ma yana ɗan kwantawa ciki, amma a saukewa kaɗan irin tawa bai kai abin damuwa ba, kuma dama a Golf 4 ba a ba da wani wurin saita shi sosai ba. Na san ana cewa ido ba mudu ba amma ya san kima, to ban da nan. A je wajen masu na'urar kwamfuta. A kuma sa mai wayarin ya sake saita fitilun gaba, don in gaba da baya ba su sauka daidai ba haskensu yana kaucewa.

Tayoyina na bar su yadda suke, 195/65 a wili mai inci 15. Abokai sun so in haɗa da inci 17 mai taya 225/45. Lissafin mai sauƙi ne: gefen tayata kusan milimita 127 ne na roba da iska, waccan kuwa kusan 101. Wannan bambancin shi ne ɗan laushin da ya rage min, shi ne kuma ke tsakanin rami da lanƙwasar wili. Batun cewa saukakkiyar mota ta fi ƙarancin shan mai kuwa, a cunkoson cikin gari ban ga ko alamarsa ba.

Akwai masu neman sauƙi su kai na asalin a yanke zobe ɗaya ko biyu da injin yanka, ko mai walda ya gasa shi da wuta har motar ta zauna. Araha ba ta ado. Wuta tana kashe ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa ko ya karye, kuma da wuya gefen hagu da na dama su fito daidai. Yankakke kuma bakinsa ba ya zama a mazauninsa, yana iya ficewa in taya ta faɗa rami. A Jamus, inda aka ƙera motar, sifirin na saukewa da takardar gwajinsa yake zuwa, kuma galibi sai masu binciken mota irin su TÜV sun duba aikin kafin doka ta amince. Abin dariyar shi ne, Volkswagen da kanta tana da tsarin ƙafa na musamman don ƙasashe masu mummunar hanya, kuma ɗaga motar yake yi da kusan santimita 2.

Idan an tambaye ni maki, kayan da kansa ya cika alƙawarinsa, zan ba shi huɗu cikin biyar. Dacewarsa da hanyoyinmu kuwa biyu, da ƙyar. Idan na haɗa kuɗin aiki, shoka, robobi, saiti, farantin ƙasa da birkila, sifirin ɗin bai kai rabin abin da na kashe ba. Wanda ke da wata motar ta iyali, gidansa da wurin aikinsa duk a bakin kwalta, yana kuma jin daɗin kwana, zai more, amma kada ya wuce milimita 30. Mai mota ɗaya tilo da ke kai yara makaranta, ta je ƙauye da Sallah, ta ɗauko hatsi, ya sa kuɗinsa a shoka masu kyau da taya.

Tawa tana nan a sauke har yanzu, amma tsofaffin sifirin ɗin na shafa musu baƙin mai na ɗaure su a buhu a sito. Dillalin mota idan ya ga Golf ta yi ƙasa ba ya tambayar wane kamfani ne ya yi sifirin ɗin, cewa yake yi ƙafa ta mutu, ya zaftare farashi. Ranar da zan sayar, sai an mayar da na asalin kafin ta je gaban dillali.