Wata uku ina sassarfa da bel ɗin auna bugun zuciya

Hawan jini ne ya yi ajalin mahaifinmu, shi ya sa da na cika shekara 46 na fara zuwa sassarfa Murtala Square duk Asabar bayan sallar asuba. Da agogon hannu na fara auna bugun zuciyata, amma ya riƙa ruɗa ni: ina haki kamar zan faɗi, shi kuwa yana nuna 95. Wani abokina likita ya ce agogon ba ya jin zuciya, koren haske yake haska fata yana ƙiyasta gudun jini, da hannu ya girgiza sai lissafi ya ɓace. Ya ce in nemi bel ɗin ƙirji.

Shi bel ɗin lantarkin zuciya yake ji. A sama ta ɓangaren dama na zuciya akwai wani ɗan ƙulli da ke sakin lantarki kafin kowane bugu. Da za a bar shi, kusan 100 zai riƙa yi a minti, sai dai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa tana taka masa birki. Wannan na gani ƙuru-ƙuru a wayata. Ina tsaye 72. Da na ɗaga ƙafa, nan da nan ya haura kusan 100, an saki birki ke nan. Daga nan hawan a hankali yake, lokacin da wasu jijiyoyin da sinadarin adirenalin suka fara ba shi wuta. An ce in ina son sanin iyakar bugun da zuciyata za ta iya kaiwa, in cire shekaruna daga 220, wato 174, ƙiyasi ne dai, kuma ba na kusantarsa.

Lambar da na fi damuwa da ita ita ce ta minti ɗaya bayan na tsaya. Likitan ya ce ana so ta sauko da fiye da 12. Makon farko da kyar na samu 14, hankalina bai kwanta ba. Yanzu 25 nake gani, alhamdu lillahi.

Matsalar bel ɗin ɗaya: da hunturu fata ta bushe, sai na jiƙa shi da ruwa kafin ya kama, ga sanyi a ƙirji da sassafe. Kuma bai maye gurbin gwajin asibiti ba. Wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri in yana gudu, don Allah ya ga likita kafin ya sayi komai.