Jirgin Morales da na Ryanair, wai duk ɗaya ne?

Malam, ka tambaya ko abin da Belarus ta yi wa jirgin Ryanair daidai yake da abin da Turawa suka yi wa shugaban Bolibiya Evo Morales, tunda duka an sauke jirgi inda bai yi niyya ba don farautar mutum ɗaya. Sun yi kama kam, amma ni dai a ganina ba ɗaya ba ne.

Na Morales a watan Yuli 2013 ne, yana komawa gida daga Mosko sai aka baza jita-jitar wai Edward Snowden da Amurka ke nema ruwa a jallo yana cikin jirgin, Faransa da Sifen da Fotugal da Italiya suka ce ba dai ta samansu ba, dole ya sauka a Biyana ta Ostiriya, shugaban ƙasa sukutum ya kwana a filin jirgi, kuma ashe Snowden ɗin ma ba ya ciki. Wulaƙanci ne, Faransa har haƙuri ta bayar daga baya. Sai dai hana hanya ne kawai, yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ce kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta, jirgin gwamnati kuwa sai da izini zai wuce. Ai Nijar ma ta rufe nata a Agusta 2023 bayan juyin mulki.

Na Belarus fa? 23 ga Mayu 2021, jirgin fasinja daga Atina za shi Lituwaniya, ya kusa fita daga sararin samaniyar Belarus sai masu kula da zirga-zirgar jirage suka ce wa matuƙi akwai bam a ciki, ya juya Minsk, babban birnin Belarus, har da tayar da jirgin yaƙi, yana sauka aka cafke ɗan jarida mai sukar gwamnatin Belarus Roman Protasevich da budurwarsa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta bincika ta ce maganar bam ɗin ƙarya ce da gangan. To nan ne matsalar, an yaudari matuƙi da abin da ba ya da ikon yin wasa da shi, da rayukan fasinja sama da ɗari a hannunsa. Gobe in an ce masa bam na gaske, ya yarda ko kar ya yarda?

Da Tarayyar Turai ta rufe wa jiragen Belarus samanta, Rasha ta tuna musu da Morales, kuma gorin ya zauna, don su ma hannunsu da miya. Amma Morales ya tashi da mutanensa cif ya isa gida, Protasevich kuwa daga jirgi sai gidan kaso.