Manhajar Lissafin Bim ɗin Kiren: Ta Iya Nauyi, Amma Ta Yi Shiru a Kan Walda

Manhajar ta lissafin bim ce, wato doguwar gadar ƙarfe da kiren na cikin masana'anta yake gudu a kanta. Da ita na zana hanyar wani kiren mai ɗaukar tan 20, kuma abin da ya fara gamsar da ni shi ne yadda take tafiyar da tayoyi. Nauyin kiren ba ya zama wuri ɗaya. In da hannu ne, sai ka yi ta matsar da tayoyin biyu har ka gano inda bim ya fi jin jiki. Ita kuwa nan take za ta nuna maka wurin, kuma ta san cewa idan tazarar tayoyin ta wuce 0.586 na tsawon bim, taya ɗaya a tsakiya ita ce mafi muni. Na bi lissafin da biro da takarda, ya zo daidai.

Nauye-nauyen ASCE 7, ƙa'idar Amurka ta nauyin da gini zai ɗauka, kamar yadda suke a bugun 2016, duk suna ciki. Tana ƙara kashi 25 cikin 100 saboda fizgar kaya idan direba na cikin ɗakin tuƙi ko yana sarrafa kiren da rimot, kashi 10 idan da maɓallin da ke reto a waya ne. Turin gefe kashi 20 ne na kaya haɗe da keken ɗagawa, na birki kuma kashi 10 na nauyin tayoyi. Na ji daɗi da ta ɗora turin gefen a saman dogon da tayoyin ke bi, ta bar wa leɓen bim na sama, wato faffaɗan ƙarfen da dogon ke zaune a kai, ɗawainiyarsa, domin a nan masu gaggawa suke yin tuntuɓe. Ka zaɓi ajin aikin kiren, daga A zuwa F, ita za ta sa iyakar lotsawa: tsawon bim bisa 600 ga mai aiki sama-sama, bisa 1000 ga wanda ba ya hutawa.

Inda raina ya ɓaci shi ne batun gajiyar ƙarfe. Bim ɗin kiren ba kasafai kaya mai nauyi yake karya shi rana ɗaya ba; kai-komon yau da gobe ne yake cin sa. Manhajar ta duba leɓen ƙasa kawai ta ce lafiya lau. Ko uffan ba ta ce ba game da waldar da ta haɗa leɓen sama da bangon tsakiya (ƙarfen da ke tsaye tsakanin leɓɓan biyu), alhali duk wanda ya taɓa hawa sama da tocila ya san a nan tsagewa take farawa, siririya kamar gashi, da tsatsa a bakinta. Dogo ya ɗan kauce daga tsakiya, to duk wucewar taya murɗa ce ga wannan walda. Haka ma ƙarfen da ke ɗaure bim da ginshiƙi: dole ya bar bakin bim ya ɗan juya, in ba haka ba notuna su kwance ko walda ta tsage. Babu ko layin gargaɗi ɗaya, kuma akwai mutane suna aiki a ƙarƙashin wannan kaya!

Rahoton da take fitarwa tsaf yake, mai duba zane zai bi shi ba wahala. Injiniyan da ya daɗe a harkar zai more ta wajen zaɓen girman bim. Sabon shiga kam ba zan miƙa masa ita ba sai da wanda zai zauna kusa da shi su zana mahaɗai tare.