Wace kalkuleta ta dace da ɗalibin da zai yi darasin ƙididdiga na AP?

Duk iyayen da ɗansu ko 'yarsu suka ɗauki darasin ƙididdiga na AP, ko a wata sakandare ta Bronx ko a makarantar da ke bin tsarin Amurka a Abuja ko Legas, za su ga kalkuleta mai zana jadawali a takardar kayan karatu. Darasi ne na matakin shekarar farko ta jami'a da ake koyarwa tun a sakandare. Hukumar College Board ce ke shirya jarrabawarsa a watan Mayu tun daga 1997, sakamako daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama a Amurka suna yafe wa wanda ya ci da kyau maimaita darasin. Saboda haka kuɗin kalkuletar ba asara ba ne, amma akwai bambancin farashi mai yawa, kuma ba kowace mai tsada ce ta fi dacewa ba.

Kafin a taɓa aljihu, a tambayi malamin ajin wace iri yake koyarwa da ita. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina. Malami na gaban allo yana cewa a danna STAT, a matsa zuwa TESTS, a zaɓi na biyar, yara ashirin suna bin sa, ɗaya kuma yana laluben inda abin yake a wata na'ura daban. Kafin ya gano, an wuce shi. A yawancin azuzuwan Amurka, TI-84 ta kamfanin Texas Instruments ce a hannun malami, kuma littattafai da bidiyoyin koyarwa da yawa madannanta suke nunawa.

Iri biyu na TI-84 ne aka fi samu. TI-84 Plus ta fito a 2004, allonta baƙi da fari, tana aiki da ƙananan batura huɗu. TI-84 Plus CE ta zo a 2015, siririya, mai launi, ana yi mata caji da kebul. Sabuwarta takan haura dala 100. Launin yana taimakawa idan ana kwatanta zane biyu a allo ɗaya, amma lissafin da darasin ke buƙata duka biyun suna yin sa. Inda wuta ba ta tsayawa, mai batir tana da nata alherin: an canza batura da safen jarrabawa, hankali ya kwanta.

Ga wanda kuɗi suka yi wa ƙaranci, Casio fx-9750GIII ita ce zaɓin da nake ba da shawara ba tare da jin nauyi ba. Farashinta kusan rabin na TI-84 Plus CE ne, tana cikin waɗanda aka amince a shiga jarrabawar AP da su, tana yin gwaje-gwajen hasashe (lissafin da ke auna ko alƙaluma sun goyi bayan wani zato), tana zana jadawalin alƙaluma, kuma jerin zaɓinta a bayyane yake. Sharaɗin kawai shi ne ɗalibin ya kasance mai iya zama shi kaɗai ya koyi madannanta, ko malamin ya san ta. Yaron da dama lissafi ke ba shi tsoro, kada a ƙara masa wannan nauyin.

TI-Nspire CX II ta fi su ƙarfi, tana aiki kamar ƙaramar kwamfuta, sai dai koyon ta na cin lokaci, kuma ƙarfin ya wuce buƙatar wannan darasi. NumWorks ta Faransa kuwa tana da sauƙin fahimta, kuma ana iya gwada ta kyauta a intanet ko a waya kafin a saya. Wayar dai ba za ta shiga ɗakin jarrabawa ba.

Akwai kuskuren da ya kamata a kiyaye. Ƙaramar kalkuletar kimiyya irin Casio fx-991 da aka saba gani a hannun 'yan sakandare tana fitar da matsakaici da ma'aunin bazuwar alƙaluma, amma ba ta da gwaje-gwajen da ɓangaren ƙarshe na darasin AP ya dogara a kansu. A ɗaya gefen kuma, ɗalibin da zai rubuta WAEC ko lissafin A Level na Kambirij bai kamata a saya masa mai zana jadawali don jarrabawa ba, domin dokokinsu ba su yarda da ita ba. Sunan jarrabawar ne ke yanke hukunci. College Board tana wallafa jerin na'urorin da ta amince da su, kuma dokoki kan sauya, don haka a duba na shekarar da yaron zai zauna.

Sayen ta hannu ba laifi ba ne, waɗannan na'urori suna da ƙarko sosai. Amma a yi hattara da TI-83 Plus, wadda ake samu da araha kuma kamanninta ɗaya da TI-84. Ba ta da invT, umarnin da ke maye gurbin duba teburin alƙaluma a wasu lissafe-lissafen darasin, ba ta kuma da gwajin da ke auna ko alƙaluma sun dace da rabon da ake zato, sai ɗalibi ya bi doguwar hanya. Idan za a sayi tsohuwa, a kunna ta a gaban mai sayarwa, a duba ko akwai layukan da suka mutu a allo, a buɗe gidan batir a ga ko ya yi tsatsa, a danna kowane madanni. Sannan a shigar da jerin lambobi biyu a nemi layin dangantakarsu. Idan harafin r, mai nuna ƙarfin dangantakar, bai fito ba, ba lalacewa ta yi ba: a shiga CATALOG a kunna DiagnosticOn, zai bayyana.

A saya tun makon farko na zangon karatu. Masu duba takardun AP suna neman bayani a rubuce: wane gwaji aka zaɓa, sharuɗɗansa sun cika ko a'a, me sakamakon ke nufi game da tambayar. Ɗalibin da hannunsa ya saba da madannai tun watan Satumba zai kashe lokacinsa a kan wannan rubutun, ba a neman inda wani umarni irin normalcdf yake a kalkuleta ba.